Masu Neman Ƙuri'a Ba Sa Wuce Zaure

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka sam mini fili in amayar da wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Tun da aka fara kaɗa gangar zaɓen 2027, masu sharhi a rediyo da jaridu suka koma wa tsohon zancensu: wai talakan Arewa ba ya zaɓe da tunani, mu mata kuwa ba a ma maganarmu, taliya biyu da sabulu sun isa a kwashe ƙuri'unmu. Yawancin masu wannan magana maza ne, kuma da wuya ka sami wanda ya taɓa wuce zauren gidan da ba nasa ba, ya ji abin da ake faɗa a ciki.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce da ta yi ritaya. Na yi awon ciki da karɓar haihuwa a ƙaramin asibitin karkara, na kuma daɗe ina zagayen ɗigon shan inna gida-gida a ƙauyukan yankin Wudil da Gaya. Aikin ya shigar da ni gidajen da aka rubuta "ba shiga" a ƙofarsu, na zauna a kan tabarmar matan da ɗan takara ba zai taɓa ganin fuskarsu ba sai a layi ranar zaɓe. Ba ni da katin kowace jam'iyya. Abin da na gani shi ne, mai zaɓe yana da lissafinsa, lissafi mai kyau kuwa, sai dai masu neman ƙuri'arsa ba shi suke tambaya ba. Wasu suke tambaya a madadinsa.

Don kada a ce zancen tsofaffi ne, mu duba alƙaluman hukumar zaɓe. A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu 2023, a Katsina, jihar shugaban ƙasa mai ci a lokacin, Atiku na PDP ne ya zo na ɗaya da ƙuri'a 489,045, Tinubu na APC ya sami 482,283. Bayan mako uku, ranar 18 ga Maris, Dikko Raɗɗa na APC ɗin nan dai ya ci gwamna da ƙuri'a 859,892, ɗan takarar PDP ya tashi da 486,620. Ka lura, ƙuri'un PDP kusan suna nan inda suke, na APC ne suka ƙaru da wajen dubu 377. Ke nan akwai dubban mutane da a watan Fabrairu ko dai suka yi zamansu a gida ko suka ba wata jam'iyya, a watan Maris kuma suka fito suka dangwala wa tsintsiya. A Zamfara akasin haka aka yi. Tinubu ya ci jihar, amma da aka zo zaɓen gwamna aka kayar da gwamnan APC mai ci, Bello Matawalle, Dauda Lawal na PDP ya hau. A Sakkwato Atiku ne ya ci, sannan Ahmad Aliyu na APC ya ɗauki kujerar gwamna. Mutanen nan fa su ne dai, akwatunan su ne, talaucin ma bai je ko'ina ba. In taliya ce take yin zaɓe, yaya aka yi ta yi baki biyu cikin mako uku?

Mu a Kano wannan ba baƙon abu ba ne. A 1993 Abiola ya kayar da Bashir Tofa a jiharsa ta haihuwa. A 2003 Malam Ibrahim Shekarau, tsohon malamin makaranta wanda ba ya cikin masu kuɗin garin, ya kayar da gwamna mai ci. A 2011 Kanawa suka zuba wa Buhari na CPC ƙuri'a sama da miliyan ɗaya da rabi, bayan kwana goma kuma suka zaɓi Kwankwaso na PDP ya zama gwamna. A 2023 ma Tinubu ƙuri'a 517,341 ya samu a Kano, amma Nasiru Gawuna na jam'iyyarsu ɗaya ya sami 890,705 a zaɓen gwamna, duk da dai Abba Kabir Yusuf ne ya ci da ƙuri'a 1,019,602. Wanda ya kalli wannan ya ce jama'a ba sa bambancewa, to shi ne bai duba ba.

Yaya mace take yanke shawara a tsakar gida? Ba a yini ɗaya take yi ba, kuma ba a filin taro ba. A gidan suna ake yi, a gidan biki, a wajen zubin adashi, a hanyar dawowa daga Islamiyya, a layin awo tun kafin mu buɗe ƙofa. Maganar kuma ba ta jam'iyya ba ce, ta abin da ya taɓa jiki ce. Wata za ta ce a zamanin wane aka ɗinke ta kyauta bayan haihuwa, a zamanin wane kuma sai da mijinta ya sayar da tunkiya kafin a taɓa ta. Wata ɗanta ne ya zauna a gida shekara guda saboda ba a biya kuɗin jarrabawa ba. Wata ƙanenta ne aka tura karatu ƙasar waje, ya dawo yana riƙe da gidansu. Wata rumfar mijinta aka rushe. Wata kuma ba abin da za ta ce sai kuɗin buhun taki da na mudun masara, bara da bana. Kowace tana riƙe da nata, ba ta rubuta ba amma ba ta manta ba, kuma suna haɗawa su auna.

Ban ce babu tasirin miji ba. Akwai, haka na malamin unguwa da na uban gidan da maigida yake ci a ƙarƙashinsa. Amma na sha ganin gidan da maigida ya manna hoton ɗan takararsa a zaure, ya tara matansa da daddare ya ce gobe ga inda za a dangwala, suka ce to. Bayan zaɓe da muka koma zagaye, uwargida tana riƙe mini jariri ina ɗiga masa magani, ta sunkuyo ta ce, "Malama, shi ya yi nasa, mu ma mun yi namu." Amaryar tana bakin murhu tana dariya ƙasa-ƙasa. A duk shekara ba abin da ya haɗa kan matan nan biyu sai wannan. Shi kuwa maigidan har yau yana nan yana ba 'yan jam'iyyarsa tabbacin cewa gidansa ƙuri'a biyar ne, babu ko tantama. Da irin wannan tabbaci ake cika littafin ɗan takara.

Na san yadda ake cika littafin, domin an taɓa ɗaukarmu aikin. Gab da wani zaɓe, mutanen wani mai neman kujerar majalisa suka nemi mata masu zagayen rigakafi, tunda mu ne muka san lunguna kuma ba a hana mu shiga. Suka ce bincike za a yi, a ji ra'ayin jama'a. Aka tara mu a wani ɗakin taro, wani saurayi mai kwamfuta da aka ɗauko daga Abuja ya raba mana takardu. Tambayoyin da Turanci suke, aka ce kowa ta fassara da bakinta in ta je. Tambaya ta farko: wace matsala ce ta fi damun ki, a zaɓi ɗaya cikin tsaro, tattalin arziki, ababen more rayuwa da shugabanci nagari. Ka gaya mini, Malam Edita, matar da rijiyar unguwarsu ta ƙafe, wadda 'yarta take fashin makaranta saboda ɗiban ruwa, a wane gida za ta saka kanta? Da na karanta wa wata, sai ta ce, "Ni dai ruwa." Na nemi ruwa a takardar ban gani ba. Na tambayi saurayin, ya ce in sa a ababen more rayuwa. To shi ke nan, ruwa ya shige cikin kwalta da gada da fitilun titi, kuma na tabbata da ɗan takarar ya ga sakamakon, titi ya fahimta.

Tambaya ta ƙarshe ita ce, wa za ki zaɓa? Mu kuwa an ba mu hijabai masu launin jam'iyya mu saka. Wace mace ce za ta ga launin nan a jikinki ta ambaci wani? Kowa ta ce ai shi ne, Allah Ya ba shi. Wasu daga cikin abokan aikin ma ba su wahalar da kansu ba, tunda a kan yawan takarda ake biya, suka sami inuwar darbejiya suka cike nasu. Aka kai wa mai gida labari cewa jama'a na tare da shi ɗari bisa ɗari. Ranar da aka ƙirga, ko akwatin ƙofar gidan kodinetansa bai kawo ba. Daga baya na ji yana cewa an ci amanarsa. Ba wanda ya ci amanarsa, shi ya biya kuɗi aka gaya masa abin da yake son ji.

Amma kada a ɗauka 'yan siyasarmu ba su iya bincike ba. Sun iya, wani iri ne dai. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44, mazaɓu 484 da rumfunan zaɓe sama da dubu 11, kuma duk jam'iyyar da ta amsa sunanta tana da sakamakon kowace rumfa na zaɓukan baya. Sun san akwatin da yake nasu ko ana ha-maza-ha-mata, sun san wanda ba sa ci ko sun kwana a wurin, sun san na tsakiya. Duk wanda ya ga abin da ya faru a mazaɓar Gama a 2019, lokacin da aka ce zaɓen gwamna bai kammala ba, ya san lissafin akwati ba wasa ba ne a wurinsu. Matsalar ita ce tambayar da suke yi wa littafin. Ba sa cewa me mutanen wannan akwati suke buƙata, cewa suke wa yake riƙe da akwatin. Sai a lissafo mutum uku ko huɗu: wani ɗan kasuwa, wani tsohon kansila, shugaban matasa, shugabar mata. A kira su, a ba su abin da za a ba su, a ce an gama da wannan akwati. Shugabar matan za ta karɓi atamfa ɗari, ta raba arba'in ga danginta da maƙwabta, sauran kuma Allah Ya san inda suka yi. Ita ce kuma za a tambaya me mata suke cewa.

Sai kuma binciken zamani, wanda jaridu suke bugawa da manyan haruffa. A watan Satumba 2022 gidauniyar ANAP ta fitar da ƙuri'ar jin ra'ayi da kamfanin NOI Polls ya yi mata ta wayar tarho. Ta ba Peter Obi kashi 21 cikin ɗari, Tinubu da Atiku kashi 13 kowannensu, Kwankwaso kashi 3. Abin da aka yi ta yayatawa ke nan. Amma a cikin wannan sakamakon dai, kashi 32 sun ce ba su yanke shawara ba, kashi 15 kuma sun ƙi faɗa. Kusan rabin waɗanda aka tambaya ke nan ba su ba da amsa ba, kuma kamfanin bai ɓoye wannan ba, masu kanun labarai ne suka tsallake shi. Wani binciken da aka yi wa kafar Bloomberg ta manhajar babbar waya ya ba Obi kashi 72 na waɗanda suka yanke shawara. Da aka yi zaɓen, Tinubu ya sami ƙuri'a miliyan 8.79, Atiku miliyan 6.98, Obi miliyan 6.1, Kwankwaso kusan miliyan ɗaya da rabi. Cikin waɗanda na ji labarinsu, kamfanin Stears ne ya yi wata magana da ta tsaya, da ya ce in jama'a suka fito da yawa Obi ne a gaba, in kuwa fitowar ta yi ƙaranci Tinubu zai ci. Fitowar kuwa ta yi ƙaranci.

Ni ban ga laifin waya ba, amma na san wayar ƙauye. A gidaje da yawa guda ɗaya ce, tana aljihun maigida, yana gona ko kasuwa. Inda matar take da tata, rabin yini tana wurin mai caji. In kuma ta shiga, baƙuwar lamba ce, baƙuwar murya, ana tambayarki wa za ki zaɓa. Matar da aka yi wa gargaɗi kan 'yan damfara masu neman lambar banki, kashewa za ta yi. In ta daure ta saurara, "sai abin da Allah Ya yi" za ta ce, a rubuta ta cikin marasa ra'ayi, alhali ta fi mai tambayar sanin inda za ta dangwala. A rajistar 2023 mata su ne kashi 47.5 na masu zaɓe miliyan 93.4. Duk binciken da bai isa ga matan karkarar Arewa da bakin da suka yarda da shi ba, ya bar wani babban yanki a waje.

Har Turawa an ɗauko a kan wannan harka. Kafin zaɓen 2015, APC ta yi aiki da kamfanin AKPD na Amurka, wanda David Axelrod, mashawarcin Obama, yana cikin waɗanda suka kafa shi. A 2018 kuma jaridun Ingila suka tona cewa wani attajiri mai goyon bayan Jonathan ya ɗauki kamfanin Cambridge Analytica, aka yaɗa wani bidiyo mai cike da zubar da jini don a tsorata mutane da Buhari. Kuɗi sun tafi, Buhari ya ci da ƙuri'a miliyan 15.4, Jonathan ya sami miliyan 12.8. A Kano kaɗai Buhari ya sami miliyan 1.9. Ban san me Ba'amurken ya rubuta musu ba, amma mu da muke nan ba mu buƙaci wani ya tsara mana saƙo ba. An kwashe 'yan matan Chibok a watan Afrilu 2014. An kai hari babban masallacin Juma'a na Kano a watan Nuwamba na shekarar. Mun sauka daga mota mun ɗaga hannu a shingen bincike, da tsohon ciki da goyo. Kalmar "canji" ta kama ne saboda ta tarar da abin da yake cikin zuciya, ba ita ta saka shi ba.

Tsofaffinmu sun san wannan tun kafin a ƙirƙiro kwamfuta. Matan Arewa ba su sami damar jefa ƙuri'a ba sai a 1976, a zaɓen ƙasa kuwa sai 1979, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kan maganar. Saboda haka ni da mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, rana ɗaya muka fara zaɓe, a layi ɗaya, ni ina budurwa ita da furfura. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta san mukulli, alamar PRP, jam'iyyar Malam Aminu Kano, kuma ta san dalilinta: haraji. Ta ga yadda mahaifinmu yake sayar da hatsin da za mu ci don ya biya, ta ga yadda ake tozarta wanda ya kasa. Mutanen Malam Aminu Kano sun shekara talatin suna yawo ƙauye-ƙauye tun zamanin NEPU, suna kwana a zaurukan talakawa, sun ji wannan kuka da kunnensu. Da Abubakar Rimi ya hau a watan Oktoba 1979, ya soke haraji da jangali. Magana ɗaya ce, kowa ya gane ta, kuma ana iya dubawa a ga an yi ko ba a yi ba.

Yau me muke ji? Da daddare ka kunna rediyo, sojojin baka ne, an saya musu minti biyar-biyar, wannan ya zagi uban gidan wancan, wancan ya rama gobe. Muna saurare, ba zan ɓoye ba, har da dariya, domin wasunsu akwai iya magana. Mawaƙa kuma su fitar da waƙa mai daɗi, a sa a gidan biki mu taka. Na ga matar da ta fi kowa rawa da waƙar wani ɗan takara, ta kuma fi kowa zaginsa da aka zauna cin abinci. Waƙa tana sa a san sunanka da alamar jam'iyyarka, wannan kam gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ba a sani ba. Amma daga sani zuwa yarda akwai tafiya. Yanzu kuma an ƙara da yaran Facebook da TikTok, ana ba su kuɗin data su yi ta musu da junansu, ɗan takara yana duba wayarsa yana ganin dubban masu yabo, yana jin ya gama da jiha. Da yawa cikin yaran nan ko katin zaɓensu ba su karɓo ba.

Maganar kuɗi kuwa, ba zan ce babu ba, don na gani da idona. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta fitar a 2024 ya nuna kashi 22 cikin ɗari na 'yan ƙasa sun ce an yi musu tayin kuɗi don ƙuri'arsu a zaɓen 2023, alhali a 2019 kashi 17 ne. Canjin kuɗin da Babban Banki ya yi gab da zaɓen bai hana ba, sai ma ya sa abin ya koma taliya da atamfa da alƙawarin tura kuɗi ta waya. Akwai waɗanda suke ganin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, in sun karɓa sai sun yi. Akwai kuma masu karɓar na kowa, su ce ai dukiyarmu ce ta dawo, su shiga su yi abin da suka yi niyya. A binciken nan dai, fiye da rabin waɗanda aka yi wa tayin sun ce bai canza musu ra'ayi ba. Abin da na lura da shi, kuɗi ya fi aiki a inda mai zaɓe bai ga bambanci tsakanin 'yan takarar ba. In duk ɗaya ne a wurinta, me zai hana ta ɗauki na wanda ya miƙo? Kuma wa ya kawo mata su a haka? Jam'iyyar da ta sayar da fam ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, wata miliyan 40, sannan daliget suka yi cinikinsu a Abuja. Kafin takarda ta iso hannun matar ƙauye an riga an yi babban cinikin, amma ita ake zagi a kan taliya.

Waɗanda suka fi ba ni mamaki da ba a binciken su, su ne waɗanda ba su fito ba. A duk ƙasar, waɗanda suka yi zaɓen shugaban ƙasa a 2023 ba su wuce kashi 27 cikin ɗari ba. A Kano mutum miliyan 5.9 ne a rajista, waɗanda suka jefa ƙuri'a kuwa wajen miliyan 1.7. Sama da miliyan huɗu ke nan suka zauna, sun ninka ƙuri'un wanda ya zo na ɗaya sau huɗu. Wasu sun rasu ba a cire sunansu ba, wasu sun ƙaura, na yarda. Sauran fa? Ban taɓa jin ɗan takarar da ya aika a ƙwanƙwasa ƙofa a ce, "Baba, me ya hana ka fita?" ba. Ni da nake shiga na ji amsoshi iri-iri. Wata an mayar da rumfarta nesa ba ta sani ba. Wata tsoron 'yan daba ne, tun abin da ta gani a zaɓen baya. Wata jego take, babu mai riƙe mata yara ta yini a layi. Da yawa kuma cewa suke, mun yi na wane, mun yi na wane, me ya canza? Kowace amsa da irin maganinta, amma sai an ji ta tukuna.

Mu a aikin shan inna dole ta koya mana wannan. A 2003 aka dakatar da rigakafin a Kano saboda zargin da ya bazu, ba a dawo ba sai a 2004, kuma ko da aka dawo gidaje da yawa korar mu suke yi. Da farko manya sun ɗauka ƙarin sanarwa a rediyo zai wadatar. Bai wadatar ba. Sai aka koma ana rubuta kowane gida. Muna sa alama da alli a bango, mu shafa wa yaro tawada a ɗan yatsa, gidan da aka ƙi kuma mu rubuta shi daban tare da dalilin da aka ba mu, da bakin mai gidan, ba da namu ba. Da yamma a zauna da mai unguwa a bi su ɗaya bayan ɗaya. A nan aka gane cewa da yawa ba maganar addini ce ta hana su ba. Cewa suke, yaro yana zazzaɓi mun je asibiti babu ko farasitamol, amma wannan ɗigon kuna bin mu da shi har ɗaka kyauta, me ya sa? Tambaya ce mai ma'ana. Aka fara kafa 'yan sansanonin duba marasa lafiya a ranakun zagaye, ana ba da maganin zazzaɓi da na gudawa, aka ɗauki matan unguwa waɗanda aka sani aka yarda da su suna shiga kafin mu zo. Ƙofofi suka fara buɗewa. Tun watan Yuli 2014 ba a sake samun wanda ƙwayar cutar ta asali ta kama a Kano ba, a watan Agusta 2020 kuma aka tabbatar an rabu da ita a Afirka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu dai abin da muka yi shi ne muka shiga muka tambaye shi, muka rubuta abin da ya ce ko da bai yi mana daɗi ba. Ɗan takarar da yake kashe miliyoyi a kan allunan hoto, kaɗan daga ciki zai ishe shi ya yi irin wannan a mazaɓarsa, in har zai jure jin amsar, kuma in zai aika mutanen da ba su sa hularsa ba.

Roƙona gare ka, Malam Edita, tunda kakar ta zo kuma za a fara kawo muku sakamakon bincike iri-iri. Duk wanda ya kawo, kafin ku buga ku tambaye shi wa ya biya kuɗin aikin, mutum nawa aka tambaya, a waɗanne ƙananan hukumomi, da wane harshe, ta waya ko ido da ido, mata nawa ne a ciki, nawa ne kuma suka ƙi amsawa. Ku sa amsar a sakin layi na farko, ba can ƙasa ba. In ya kasa faɗa, ku gaya masa kuɗin talla, ya biya a buga masa a shafin talla. Sannan cikin wakilanku ku tura mace, ba ranar gangami ba, ranar da babu kowa, ta je ƙauyen da fitowar zaɓe ta yi ƙasa a 2023, ta yi sallama ta shiga daga ciki. Ta je da hantsi bayan maza sun fita, kada ta fara da fito da na'urar ɗaukar murya, kuma kada ta bari mai unguwa ya zaɓar mata gidajen da za ta shiga. In ta biyo ta wajenmu, ni zan raka ta.

Wassalam.

Taku,
Tsohuwar ma'aikaciyar lafiya,
daga Wudil, Jihar Kano.